Ƙanena ya jera sunayen 'yan ajinsu a littafi, ga bindigar Baba a ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina da ƙane ɗan shekara 17 da ke aji biyar na sakandare a nan Gombe. Tun bayan ƙaramar Sallah ya sauya: ba hira, ba ƙwallo, kullum yana ƙule a ɗaki yana kallon bidiyon harbe-harben makarantun Amurka. 'Yan ajinsu sun daɗe suna tsokanarsa saboda in'ina. Shekaranjiya ina share ɗakinsa na tsinci littafi, ya jera sunayen yara biyar, a ƙasa ya rubuta "za su gane kurensu". Abin da ya hana ni barci, Babanmu maharbi ne, bindigarsa na rataye a bayan ƙofa, harsasai a ƙarƙashin gado. Umma ta ce ƙuruciya ce. In faɗa wa Baba, ko in yi shiru kar in ja wa yaro duka?

Wani dattijo daga Bolari: 'Yata, kwantar da hankalinki. Harbin 'yan makaranta ɗabi'ar Amurka ce, inda bindiga ta yi yawa a hannun jama'a. Mu nan damuwarmu ƙwaya ce da 'yan dabar Kalare. Ki bincika ko ya fara shaye-shaye, sannan a dage masa da addu'a.

Malamar sakandare daga Pantami: Baba, ka yi mini afuwa, ban yarda ba. Yawan bindiga ne ya bambanta mu da su, to ai a gidan nan akwai ta. A Nuwamban 2021, a makarantar Oxford da ke jihar Michigan, malama ta ga wani yaro ɗan shekara 15 ya zana bindiga da jini, ya rubuta cewa tunanin ya ƙi barinsa, a taimake shi. Aka kira iyayensa a safiyar, suka zo, suka ƙi tafiya da shi gida, ba kuma wanda ya buɗe jakarsa. Bindigar da uban ya saya kwana huɗu kafin nan tana ciki. A ranar ya kashe ɗalibai huɗu. A 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban, kowa aƙalla shekara 10. Ƙanwata, yau ɗin nan bindigar ta bar gidan, a kai ta wajen wani kawunku, harsasan kuma wani wuri daban. Sauran magana ta biyo baya.

Wani ma'aikacin lafiya: Ina bayan Malama. Sai dai kar a yi saurin cewa taɓin hankali ne. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi nazarin mahara 63 da suka kai irin wannan hari daga 2000 zuwa 2013, kashi ɗaya cikin huɗu kacal aka taɓa tabbatar wa cutar ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi bayyana shi ne ƙullatar wasu a rai, da furta niyya ga wani kafin lokaci. Da yawansu kuma sun riga sun yanke ƙauna daga rayuwa. Don haka ki zaunar da shi ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ko wani. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ku kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya, addu'a da asibiti ba sa karo.

Wani ɗalibin jami'a: Ni dai ina ganin tsokanar ce sila. Amma ki duba su wa yake hira da su a intanet. Wanda ya kashe masallata 51 a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand a 2019 ƙiyayyar Musulmi ce ta tura shi, a intanet ya sha ta, har ya haska harin kai tsaye a Facebook.

Malamar sakandare: Ɗana, yara nawa ake tsokana ba su taɓa kowa ba? Kar mu tsaya jiran gano dalili. Dattijon da ya buɗe wa jama'a wuta daga tagar otal a Las Vegas a 2017 ya kashe mutum 58 a daren, FBI ta rufe bincike ba ta gano takamaiman dalilinsa ba. A harin makarantar Parkland da ke jihar Florida kuwa, an kira FBI an yi gargaɗi kan maharin tun a Janairun 2018, ba a bi kai ba, wata na zagayowa aka rasa rai 17. Ki sanar da shugaban makarantarsu a asirce, don yaran nan biyar ma 'ya'yan wasu ne.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na samu Baba bayan Isha'i, na roƙe shi kar ya taɓa yaron. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya naɗe bindigar a buhu ya kai gidan Baffa. Da na tambayi ƙanen nawa, kuka ya fashe da shi, ya ce wata uku ke nan ba ya iya barci. Gobe da safe za mu asibiti, Baba kuma zai je makarantar da kansa. Ku sa mu a addu'a.