Ranar da kwamfuta ta ba ni n = 12: ku zo mu faɗi inda hasken majarra ya taɓa yaudararmu

Ɗalibar Jidda:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana goma sha biyu ina kokawa da majarra (wato babban tarin taurari) ɗaya tak, wata baidawiyya daga gungun da ke burjin Sumbula, har ta kusa sa ni kuka a ɗakin kwamfuta. Ga waɗanda ba fanninsu ba ne: baidawiyya ita ce majarrar da ba ta da hannuwan nan masu murɗewa, dunƙulen tsofaffin taurari ce mai siffar ƙwai, haske ya taru a cibiya yana dusashewa zuwa gefe. Aikina in nemo lissafin da ya bi sawun wannan dusashewar. Da shirin kwamfuta mai suna GALFIT nake yi, da dokar Sérsic, wadda ke neman abu uku: Re, wato zangon da rabin hasken majarrar ke cikinsa, sai ƙarfin haske a daidai wannan zangon, sai n, lambar da ke faɗin yadda haske ya cunkushe a tsakiya ya kuma ja doguwar jela a waje.

Na sa ran n wajen 4, irin dokar da de Vaucouleurs ya kawo a 1948. Sai ga 12, Re kuwa ya fi hoton kansa faɗi. Na sauya lambobin farawa, ta sauko 9. Na sake, ta haura 14 da alamar tauraro a gefe da gefenta, wato shirin ma bai yarda da ita ba. Mai duba aikina ya kalli takardar ya ce in sake dubawa, ya wuce masallaci. Ba gyara kaɗai nake nema ba, ina son jin ramin da kowa ya taɓa faɗawa a wannan aikin, ko na ji sanyi a raina.

Ɗan Mai Wurno, yanzu a Riyad:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambaya biyu kafin komai: fiksel nawa ne faɗin hotonki, kuma wa ya auna hasken sama, ke ko shirin?

Na tambaya ne don nan na karye. Lokacin ina Khartum, kafin yaƙin Afrilun 2023 ya watsa mu, kwamfutata tsohuwa ce, batirinta ba ya kai awa ɗaya, wuta kuma sai ta ga dama. Don aiki ya ƙare kafin a ɗauke, sai na riƙa yanka hotunan ƙanana, majarra ta cika hoton daga kusurwa zuwa kusurwa. Majarru wajen talatin, kusan dukkansu n ta yi sama. Wallahi har na fara rubuta wa wani abokina cewa na gano wani sabon abu. Ashe ban bar wa shirin ko taki ɗaya na sama tsantsa ba. Abin da yake yi a irin wannan hali shi ne ya rage wa sama rabonta ya ƙara wa majarra, jela ta yi tsawo, n da Re su tashi tare.

Ki duba girman abin. Ko a dajin da babu fitila, sama na da haskenta, wajen magnitud 22 (ma'aunin haske ne, lambarsa na ƙaruwa yayin da haske ke raguwa) a kowane murabba'in sakan na kusurwa, wato ɗan mitsitsin ma'aunin faɗi a sararin sama. Gefen majarrar da muke bi yana kaiwa 27. Tazarar magnitud biyar ninki ɗari ce, wato gefen nan kashi ɗaya ne cikin ɗari na hasken sama. Idan kin yi kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a sama, kin ninka gefen majarrar ko kin share shi gaba ɗaya. Baidawiyya kuma a gefen take ɓoye kaya: idan n ta kasance 1, da kin kai ninki huɗu na Re kin tara kashi 99 na haske, amma idan 4 ce kin tara wajen 85 ne kawai, saura 15 na can warwatse inda ido ke cewa babu komai.

Malamin Ɗa'if:

Ɗan Mai Wurno ya yi gaskiya, amma 'yata kada ki ɗauka 4 ce amsar da aka rubuta a allo. Ni kuskurena kishiyar naki ne. Zamanin da muke aiki da shirin IRAF, na ƙulle n a 4 ga kowace baidawiyya don haka aka karantar da mu, wadda ta ƙi kuma in ce hoton ne ba kyau. Na zubar da ƙananan majarru masu yawa a kwandon shara saboda wannan. Alhali José Luis Sérsic, mutumin Ajantina da ya yi aiki a Kordoba, tun 1963 ya saki lambar ta zama abin aunawa, a 1993 kuma Caon da Capaccioli da D'Onofrio suka nuna n na tafiya da girman majarra: ƙanana kan tsaya wajen 1 ko 2, manya-manya na wuce 4 nesa, wasu har 10. Saboda haka 12 ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne lambar da ke sauya riga duk lokacin da kika sauya wurin farawa.

Uwar Biyu, Madina:

Ni adasiyya ce ta wahalar da ni, irin da Hubble ya sa wa S0 a 1936, tsakanin baidawiyya da masu hannuwa. Tana da tozo a tsakiya da faifai kewaye da shi, amma faifan babu hannuwa, babu sabbin taurarin kirki. Idan ta ba ka gefe, kamar majarrar NGC 3115, ko yaro ya gane ta. Ranar da babbar 'yata ta leƙo allon ta gan ta, cewa ta yi, "Umma, wannan ai ƙwayar adas ce." Na ce ai daga nan sunan ya fito, je ki ɗora tukunya.

Masifar tana ga wadda ta fuskanto ka. An ba ni wata da aka rubuta baidawiyya a kundin, na ɗora mata Sérsic guda, n ta fito 3 da ɗoriya, lamba mai kyau, babu alamar gargaɗi. Na kusa wucewa. Da dare bayan yara sun yi barci sai na buɗe hoton ragowa, wato abin da ya saura bayan an cire samfurin daga hoton gaske. Sai ga zobba, fari, baƙi, fari, kamar an jefa dutse a tafki. Wannan shi ne shirin ke ƙoƙarin rufe abu biyu da mayafi ɗaya. Da na raba su, tozo da nasa Sérsic, faifai da n = 1 irin wanda Freeman ya bayyana a 1970, zobban suka lafa, sai wani abu mai kama da ƙullin ɗankwali ya bayyana a tsakiya, fari ta ɓangare biyu, baƙi ta ɓangare biyu. Sanda ce, wato jerin taurari a miƙe da ya ratsa cibiyar majarrar. Kafin in saka ta, tozon ya haɗiye haskenta ya kumbura, rabonsa cikin jimillar haske ya kusa ninka na gaskiya.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Aikin ATLAS3D ya auna motsin taurari a majarru 260 na waɗannan jinsuna biyu, a 2011 suka bayyana cewa kashi 86 cikin ɗari masu saurin juyawa ne, har da da yawa daga waɗanda ake kira baidawiyya. Tun daga nan na daina yarda da sunan da ke kundi. Kafin in taɓa GALFIT sai na zana layukan daidaiton haske da shirin photutils, in ga ko siffar na ƙara miƙewa zuwa waje, ko kusurwarta na juyawa, ko layukan sun yi tsini kamar lemon tsami maimakon ƙwai. Mai tsini galibi faifai take ɓoyewa, mai kama da akwati kuwa yawanci cikin manyan nan ne masu jinkirin juyawa.

Sai dai a yi hattara, abin da daɗi. Na taɓa kai wata majarra sassa biyar, ragowar ta yi sumul kamar tire, amma da aka tambaye ni ma'anar sashe na huɗu sai na yi shiru.

Mai Madubi a Soro, Makka:

Ni ba ɗan jami'a ba ne jama'a, tela ne, amma ina da madubin hangen nesa mai inci takwas da kyamara. A unguwarmu duk wanda ya gan ni da shi sai ya ce, "Alhaji, an ga wata?" Na gaji da cewa wannan aikin mutanen Sudair da Tumair ne.

Daga soron gidanmu babu abin da ake samu, fitilun gari sun cinye sama, ga ƙura. Sai muka yi mota da ɗan ƙanena muka nufi wajen Al-Ula da bazara, lokacin da Sumbula ke sama da dare, na ɗauki hoton majarrar M87 awa uku. Da na dawo ya taya ni saka hoton a Python. Abu biyu suka faru. Na farko, cibiyar ta ƙone fari fat don na bar kyamara a buɗe da yawa, layin haske ya yi shafe a sama kamar an yanke kan tulu. Na biyu, a hoton ragowa sai ga wani ɗan tsinke ya fito daga cibiya. Na ce ƙura ce ta hau gilashi, ko kyamarar ta lalace, har na fara lissafin kuɗin wata. Na rufe wurin da baƙi na ci gaba. Bayan kwana biyu yaron ya zo yana dariya, wai Kawu abin da ka toshe shi ne feshin da ke fitowa daga wajen baƙin ramin M87, wanda Heber Curtis ya lura da shi tun 1918, ramin da aka nuno hotonsa a 2019. Haske ya yi tafiyar shekara fiye da miliyan 50 ya iso, ni kuma na shafe shi da hannuna kamar tabon mai a shadda.

Ɗan Mai Wurno, yanzu a Riyad:

Alhaji ai daidai ka yi ba ka sani ba. Feshin ba hasken taurari ba ne, dole a rufe shi kafin a auna. Ƙurar gilashi kuwa zobe take yi kamar awarwaro, ba tsinke ba.

Dakta daga Zahran:

Sannunku. Ɗaliba, ƙara abu biyu kan maganar sama.

Idan hoton aikin binciken sama na SDSS ne na sababbin fitarwa, an riga an cire masa sama, kuma lambobinsa ba ƙidayar kyamara ba ce, an mayar da su wani ma'auni da sifilinsa ke 22.5. Ni na taɓa barin GALFIT ya ƙirƙiri taswirar kuskure, wato wadda ke nuna rashin tabbas na kowane fiksel, da kansa daga irin wannan hoton. Wata biyu ina aiki da awo marar tushe, shirin na fifita fiksel ɗin da bai kamata ba. Ki gina taswirar da hannunki. Ki kuma tuna duk wata na'urar da ke cire sama da kanta tana iya ɗaukar gefen babbar majarra a matsayin sama ta yanke shi, sai n ta faɗi ƙasa maimakon ta tashi.

Na biyu, cibiya. Iska na baza hasken kowane tauraro ya kai sakan ɗaya ko fiye, don haka sai kin ba shirin hoton tauraro mai tsabta daga wannan hoton, wanda bai ƙone ba, ya dama samfurin da shi. A n = 4 hasken cibiya ya fi na Re sau dubu biyu da wani abu, a n = 1 kuwa sau biyar da kaɗan ne. Kin ga ɗan dusashewa a tsakiya na iya karkatar da komai.

Ɗalibar Jidda:

Allah ya saka da alheri, na dawo. Yaya Ɗan Mai Wurno, kamar kana bayana lokacin da nake yankan hoton. Fiksel 400 ne, kowane 0.396 na sakan, wato bai kai minti uku na kusurwa ba, kuma na bar sama a sake. Jiya na haɗa hotuna maƙwabta na samu fili mai faɗi, na rufe taurari da wata ƙaramar majarra da ke manne a gefe wadda da ban kula da ita ba, na auna sama a akwatuna ashirin nesa da majarrar, na ƙulle ta. Na gina taswirar kuskure yadda Dakta ya ce. Yanzu n na tsayawa tsakanin 5 da 6 duk inda na faro. Na kuma ɗaga sama da ɗan bambancin da ke tsakanin akwatunan, na sauke ta, n ta motsa da kusan rabin lamba. Kuskuren da shirin ya rubuta bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, don haka nawa zan rubuta, ba nasa ba.

Anti Uwar Biyu, na buɗe ragowar ina addu'a. Babu zobba, babu ƙullin ɗankwali. Amma akwai ɗan baƙin ɗigo a daidai cibiya, samfurin ya fi majarrar haske a wurin. Na sauya tauraron da na bayar har sau uku, ɗigon na nan.

Dakta daga Zahran:

To kada ki yi saurin kashe shi. Manyan baidawiyya irin M49 da M87 cibiyarsu na da giɓi, haske ba ya ci gaba da hawa yadda Sérsic ke so, sai ya kwanta. Bayanin da aka fi karɓa shi ne majarru biyu sun haɗe, baƙaƙen ramukansu suka yi ta zagaya juna suna wurgar da taurarin tsakiya kafin su zama ɗaya. Graham da abokan aikinsa sun kawo lissafin da ya haɗa wannan giɓin da Sérsic a 2003. Amma ƙura ma na yin baƙin ɗigo. Ki gwada hoton a launi g (wajen kore) da z (gaba da ja): idan ɗigon ya fi duhu a g, ƙura ce, idan kusan ɗaya ne, ki nemi hotonta a taskar madubin Hubble. Yawancin manyan Sumbula suna ciki, kuma kyauta ne.

Malamin Ɗa'if:

Kafin nan ki rufe sakan biyu ko uku na tsakiya ki sake gudu, ki ga ko n ta motsa. Ki kai wa mai duba aikinki duka biyun a takarda ɗaya.

Mai Madubi a Soro, Makka:

Dakta, wannan taskar ta Hubble, tela ma na iya shiga ko sai mai katin jami'a? In ana shiga, ɗan ƙanena zai zo ranar Juma'a bayan la'asar, ina son in ga tsinken nan nawa da kyau.