Man shanu da takardar gwajin Baffa: muhawara a zauren iyali

Baffa: Assalamu alaikum. Jiya na karɓo sakamakon gwajin jini. Kitsen jinin nan, mugun kolestarol da suke kira LDL, ya kai 4.6, likita ya ce ya yi yawa, in rage man shanu da manja in dawo bayan wata uku. Ni ban gamsu ba. Bafulatani a ruga da nono da man shanu yake rayuwa, wa ya taɓa jin ya faɗi da ciwon zuciya? Manja kuwa daga itace yake, an ce babu kolestarol a cikinsa ko ɗigo.

Goggo: Wa'alaikumus salam Yaya. Ina bayanka. Inna ta haura casa'in, ba ta taɓa cin tuwo da miyar kuka ba tare da man shanu ya kwanta a kai ba. Ka riƙa cin tafarnuwa da safe, da zogale, ya ishe ka.

Anti Nas: Baffa, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ne babu kolestarol a manja, haka duk man da ya fito daga tsiro. Amma mafi yawan kolestarol ɗin jini hanta ce ke yin sa, ba a kwano ake cinsa ba. Abin da ke sa LDL ya taru shi ne kitse mai daskarewa. Ku duba kwalbar man shanu da ta manja lokacin hunturu, sai an kai su kusa da murhu kafin su zuba. Kusan rabin manja irin wannan kitsen ne, man shanu ya fi haka. Na man gyaɗa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba.

Auta: Anti, maganar Fulani fa ba ta Baffa kaɗai ba ce. An yi bincike a kan makiyaya a Filato, aka buga shi a 2001. Suna cin kitsen dabba sosai, amma jininsu ya fito lafiya lau.

Anti Nas: Na san shi, kuma ban musa ba. Amma ka karanta dalilin da masu binciken suka bayar: mutanen ba su da ƙiba, ba sa cin abinci da yawa, wuni suke a ƙafa bayan shanu. Baffa daga gida sai mota, daga mota sai kujerar shago, ga shayi da madara, ga tsire da dare. Kuma ba jinin makiyayi muke dubawa ba, na Baffa ne ya nuna 4.6. Wannan lambar ce ta hana ni barci, don kitsen nan ba ya ciwo, a hankali yake toshe jijiya.

Baffa: To 'yata, akwai inda aka rage man shanu aka ga amfani, ko faɗa ce kawai?

Anti Nas: Akwai, Baffa. A Finlan, yankin Karelia ta Arewa, maza suna ta mutuwa da ciwon zuciya tun suna da ƙarfinsu. A 1972 aka fara shirin canja abinci, mutane suka bar man shanu suka koma man tsiro. Cikin shekara arba'in mutuwar ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Auta: Sun rage taba da gishiri ma, kar a ɗora wa man shanu laifin duka.

Anti Nas: Haka ne, amma saukar kolestarol na cikin manyan dalilan. Kuma ba cewa na yi a koma cin kayan kanti ba. Wake, kuɓewa, gyaɗa, kifi, gero da dawa da ba a surfe su fes ba, duk namu ne. Yauƙin kuɓewa da wake suna kama ruwan matsarmama a hanji su fita da shi, sai hanta ta jawo LDL daga jini don ta haɗa sabon ruwan matsarmama. A ƙara da tafiyar minti 30, kwana biyar a mako. Goggo, tafarnuwa ba laifi, amma tasirinta kaɗan ne, ba za ta sauko da 4.6 ba.

Goggo: Ke nan Inna sa'a ta yi?

Anti Nas: Inna daka take yi da jan ruwa har ta tsufa, Goggo. Jiki kuma kowa da nasa. Kusan mutum ɗaya cikin 250 gadon yawan kolestarol yake yi, ko me ya bari ba ya sauka sai da magani. Gyaran abinci yakan rage LDL da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ƙwayar sitatin, wato maganin rage kolestarol, 30 zuwa 50. Baffa, in wata uku ta cika bai sauko ba likita ya rubuta magani, don Allah kar a ƙi.

Baffa: Manja a bar shi, a koma man gyaɗa. Masallacin Juma'a ma zan fara zuwa a ƙafa. Man shanu dai ban yarda na bar shi duka ba, cokali ɗaya ranar Juma'a.

Hajiya: Ƙaramin cokali, Alhaji, kuma ni zan auna. Na jiƙa wake tun ɗazu.