Wa ke cin wa? Musayar baiti daga Damagaram

Malamin Birni: Assalamu alaikum. Jiya a kasuwar Dole na tsaya gaban tiren soyayyar fara, sai darasin da na koya wa yara da safe ya faɗo mini: matakan masu ci a sarƙar abinci. Ga nawa:

Gero da hasken rana yake girki,
Ba ya farauta, ba shi da baki.
Fara ta sauka ta kama aiki,
Ita ce mai cin farko a mataki.
Wa ke bin ta?

'Yar Zengo:
Malam, amsar ai shamuwa,
In ta sauka damina na zuwa.
Fara take tsinta cikin ciyawa,
Belbela na bin shanu tana kamawa,
Ƙadangare ma ba ya ƙyalewa,
Na biyu ke nan, babu musawa.

Manomin Mirriya:
Ƙanwata tsaya, da sauran tafiya.
Bara ina noma kusa da rijiya,
Maciji ya fito daga cikin ƙaya,
Ya haɗiye ƙadangare har wutsiya.
Kafin la'asar gaggafa ta yi shawagi ta juya,
Ta sure shi, na uku ya zama abincin sarauniya.

Amma Malam, me ya sa fara ba ta ƙirguwa, gaggafa kuwa sai a yi wata ba a ga biyu ba?

Malamin Birni: Yayana, ka taɓo wurin. Tun 1942 wani masani ɗan Amurka, Raymond Lindeman, ya yi bayanin yadda ƙarfin abinci ke raguwa daga mataki zuwa mataki. Kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke haurawa.

Tiya goma in fara ta cinye,
Ƙarfin guda ne jikinta ya ajiye.
Tsalle da numfashi sun lashe,
Zafin jiki ya kwashe saura ya janye.
Kafin a kai ga mai fiffike a sama,
Ɗan abin da ya rage ya tsiyaye.

Tsohon Mahauci: 'Ya'yana, kun manta da abokiyar aikina.

Ungulu ba ta jewar banza,
Da, a mahauta, ita ce mai shara.
Jini da tumbi, mushen jaki a bayan gari,
Kafin azahar ta gyara.
Yanzu bangon da take layi ya zama kango,
Guba a mushe da masu neman kanta sun ƙarar.
Karnuka da ƙudaje suka gaji wurinta,
Wari ya hana mu zama a inuwa.

Jikana ya ce tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Wallahi abin yana ci mini rai.

'Yar Zengo: Allah ya ja kwana, Baba. Mu ma muna cikin layin:

In na dama fura ina sahun fara,
In na ci fara da yaji na hau sahun shamuwa.
A 2004 fara ta rufe gonaki kamar hadari,
2005 yunwa ta shigo mana har ɗaki,
Ranar da mai cin farko ta rigaye mu rumbu.

Malamin Birni: Wannan baitin ya tuna mini rumbun gidanmu a waccan shekara. Saura gara, mai cin karan da kowa ya bari. Yayana na Mirriya, kai ka fi mu saninta.