A sake gina karkataccen gidan Himley ko a haƙura?

Kawu Magini: Ni ina nan a kan bakata. Tsohon gidan giyar nan na kusa da ƙauyen Himley a Ingila, wanda suke kira Crooked House, ba zai dawo ba. Ya ƙone ranar 5 ga Agusta 2023, bayan kwana biyu aka baje abin da ya rage. A Fabrairun 2024 hukumar yankin ta ce a mayar da shi yadda yake cikin shekara uku. Ta ina? Ba magini ne ya karkata shi ba. A miƙe aka gina shi da jan bulo a 1765, gidan gona ma ne a lokacin. Haƙar kwal a ƙarƙashinsa ta sa ƙasa ta lotsa, gefe ɗaya ya nutse da wajen ƙafa huɗu. Abin da ƙasa ta yi sannu a hankali, igiya da ma'auni ba za su yi shi ba.

Ɗan Birmingham: Kawu, a gafarce ni, ai da hannun mutum a ciki tun tuni. A shekarun 1940 har an ce ginin ba ya shiguwa, sai aka tokare bangon da ginshiƙai da ƙarafa. Da ba don wannan ba, da ya daɗe da faɗuwa.

Malam: Wai duk wannan cacar baki a kan gidan giya ake yi?

Anti Mai Zane: Allah gafarta Malam, ba abin da ake sha a ciki muke karewa ba, ginin ne. Mutane sun riƙa zuwa daga nesa don su ajiye kwabo ko ɗan ƙwallo a kan dakalin taga, su ga kamar yana gangarawa sama. Ido ne ke ruɗuwa, saboda bango da taga duk sun karkace. Kuma idan aka ƙyale wannan, gobe wane tsohon gini ne zai tsira? A Landan an rushe gidan giyar Carlton Tavern a 2015 ba da izini ba, aka tilasta sake gina shi, ya buɗe a 2021.

Kawu Magini: 'Yata, wancan ai miƙaƙƙen gini ne na shekarun 1920, kowane birkila zai iya kwaikwayonsa. Nan fa za ki zuba sabon tushe mai ƙwari, sannan ki jera bulo a karkace da gangan. Ni a wurina wannan kwaikwayo ne.

Ɗan Birmingham: Mutanen garin sun sa an tattara bulon da ya tsira an kulle a kwantena, Kawu. Da shi suke so a yi aikin.

Kawu Magini: Bulon da ya sha wuta? Sai na ƙwanƙwasa shi na ji ƙararsa kafin in yarda ya ɗauki nauyin jinka.