Inshorar kare: tana biyan maganin mugun hali? Abin da aka tsayar

Ga abin da ya fito daga mahawarar da aka yi kan ko inshorar lafiyar kare na biyan maganin mugun hali, musamman don ƴan Yamai masu komawa waje da karnukansu.

1. An yarda cewa inshorar lafiyar dabba abin ƙasashe irin su Faransa da Ingila ne. A nan mai kare shi ke biyan likita daga aljihunsa.

2. Koya wa kare biyayya, zauna, zo, bari jan igiya, wannan horo ne, inshora ba ta biya.

3. Nan aka daɗe. Karen da ke yaga labule da fitsari a ɗaki duk lokacin da aka bar shi shi kaɗai, ko mai lasar ƙafa har ta yi gyambo, wannan ciwo ne. Wasu kamfanoni na biya, amma sai likitan dabbobi ya rubuta sunan ciwon kuma shi ya tura ka wurin gwanin halayyar dabbobi. Akwai iyakar kuɗi a shekara. Idan halin ya fara tun kafin a sa hannu kan inshorar, ko ya ɓullo cikin kwanakin jira na farko kafin ta fara aiki, ba a biyan maganinsa. Magani irin fluoxetine ko clomipramine na ɗaukar makonni kafin a ga sauyi, don haka a adana kowane rasit.

4. An rabu kan wa zai biya idan kare ya ciji wani. Wasu na ganin inshorar lafiya ce za ta biya. Masu aikin inshora suka ce a'a, inshorar ɓarnar da ka jawo wa wani ce. Su ke da gaskiya.

5. Kare mai natsuwa ya canza hali kwatsam, yana dalalar da miyau: a fara zargin ciwon haukan kare. A tsare shi, a kira likita. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya tafi asibiti a ranar.