EOD ɗina na ɗigar da baƙin mai ta ƙasa, zan iya sake gam ɗin kwanon a gida?

Mai tambaya, daga Tumfure a Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata Honda Accord ce ta 2004, wadda muke kira EOD, mai silinda 4. Wata biyu ke nan duk inda ta kwana sai na tarar da tabon baƙin mai a ƙasa, da farko kamar faɗin kwabo, yanzu ya kusa tafin hannu. Har uwargida ta fara shimfiɗa mata kwali don kada ta ɓata simintin tsakar gida. Na kai wa wani bakanike, ya leƙa ya ce kwanon mai na ƙasan inji ne, wanda suke kira botom fulet, ya shafa masa gam ta waje. Kwana 4 ya yi, na je Kumo na dawo abin ya dawo sabo. Yanzu ya ce sai an sauke kuros memba, wato babban ƙarfen da ya gitta ta ƙarƙashin inji, gaba ɗaya, kuɗin da ya yanka mini kuwa sai da na zauna. Ina da jak, ina da sufanu, ni nake juye man motata da kaina. Amma da na kwanta ƙarƙashinta na ga tsakanin kwanon da ƙarfen nan da ƙyar yatsu biyu ke shiga. Zai fita ba a sauke komai ba?

Wani direba mai zuwa Bauchi kullum:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kwance noti ɗaya, ka tabbatar kwanon ne. Mai daga sama yake gangarowa, duk inda ya fito a ƙasa zai taru, sai a ɗora wa kwano laifi. Injin nan ya saba yoyo ta robar murfin sama, da ta wajen solinoyid ɗin VTEC, wata 'yar na'ura mai sarrafa man inji da ke bayan inji kusa da filta. Ka sa a wanke injin tas, ya bushe, ka barbaɗa hodar yara a gefen kwanon da samansa, ka zaga gari na rabin awa, ka haska da tocila. Inda hodar ta fara jiƙewa daga sama, nan ne ɓarawon. Ni na taɓa biyan kuɗin sauke kwano, ashe robar sama ce.

Mai tambaya:
Na gode Yallaɓai. An wanke jiya, na yi na hodar. Sama a bushe take ƙayau. Daga haɗin kwanon ne, ɓangaren fulai.

Bakanike mai gareji a Tashan Dukku:
To ɗan uwa, tunda ka tabbatar, saurara. Gam ta waje aikin banza ne, mai ne a ƙarƙashinsa, ba zai kama ba. Kwanon injin nan na alminiyom ne kuma ba shi da gaskit na roba, gam kawai kamfani ya sa. Abin da ke hana shi fita ba faɗinsa ba ne, famfon mai ne da ƙarafan daidaita girgiza da suke rataye a cikinsa, dole kwanon ya sauko sosai kafin ya wuce su. Shi ya sa ko dai a sassauto kuros memba, ko a kwance injin siti, wato mazaunin da ke riƙe injin a jikin mota, a ɗaga injin sama kaɗan. Na biyun ya fi dacewa da mai aiki a gida, amma kada ka ɗaga da ƙarfi, akwai tiyo da wayoyi da salansa da za su ja.

Ga inda mutane ke ruɗewa: suna sa jak a ƙarƙashin kwanon su ɗaga injin, sannan su tuna kwanon ne za su cire. Ka tallafi injin ta wajen giyabos da katako mai faɗi a kan jak, ko ka gitta ƙarfe mai ƙarfi a sama ka rataye shi da sarƙa. Notunan kwanon na sufana mai lamba 10 ne, akwai kuma manya da suka ɗaure shi da giyabos, in ka manta da su ka dinga ɓamɓara sai ka fasa shi. Kada ka cusa sukundireba a haɗin ka buga, alminiyom ba ya yafe karce.

Babban aikin ba cirewa ba ne, mayarwa ce. Gam ɗin mintuna 4 zuwa 5 yake ba ka kafin ya fara yin fata. A wurin da ya matse haka, in kana ta laluben hanya gam ɗin zai gogu a jikin famfon mai, ka ɗaure ka zuba mai ka ga yoyo ya fi na da. Don haka ka gwada shigar da kwanon a bushe sau 3 ko 4, har hannunka ya haddace yadda ake karkata shi. Sannan ka kankare tsohon gam da abin roba, ka goge da tsumma da fetur har ya daina maiƙo, ka zizara gam mai launin toka, siriri kamar taliya, ya bi ta gefen ciki na ramukan noti. Da yawa ba shi ne kyau ba. Rarar tana ɓallewa ta toshe rariyar famfon mai, injin ya buga. Ɗaurin notunan 12 Nm ne kawai a sufanar awon ɗauri, daga tsakiya zuwa waje, gicciye, a zagaye biyu ko uku. Ka jira aƙalla minti 30 kafin ka zuba mai, awa 3 kafin ka tayar, ni dai kwana nake bari ya yi. Da sabuwar filta lita 4.2 yake sha.

Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya:
Ban san mota ba, amma na ga waɗanda mota ta faɗo wa. Don girman Allah Malam kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. Ba bulo ba kuma, bulo farfashewa yake.

Wani dattijo daga Jekadafari:
Gaskiyar Hajiya. Kuma yaro, ƙasar Tumfure rairayi ce, in ba kan siminti ba jak nutsewa yake a hankali. Ka samo ƙafafun ƙarfe na tallafar mota guda biyu, ka datse tayoyin baya da dutse, ka tura sifiya ƙarƙashi. Sai ƙurar hunturun nan: ka bari mai ya gama tsiyaya cikin dare, don ɗigo ɗaya a kan haɗin ya isa ya ɓata aikin, ka shafa gam da sassafe kafin iska ta taso. Ni a ganina ma, ka je gareji mai rami ka biya kuɗin ramin, ka yi aikinka a tsaye. Wuyanka zai gode maka.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Baba. Oga, in na ɗaga injin kuma ya ƙi fita fa?

Bakanike:
Kada ka tilasta masa. Ka zana wa notunan kuros memba alama da fenti, ka sassauta su ya sauko kaɗan, da jak a ƙarƙashinsa. In ka gama ka je a duba maka alaimen, wato saitin tayoyi. Kuma ka samo mutum na biyu da zai riƙe kwanon kana kama notuna huɗun farko.

Mai tambaya:
To shi ke nan. Ƙanina zai zo ranar Asabar, na kuma samu aron ƙafafun ƙarfen. Saura sufanar awon ɗauri, wanda ke da ita a Gombe ya taimaka ya yi mini magana.