Gishiri da wuta suna fitar da zaiba daga jikin kifi?

Inna mai fasik: Salamu alaikum jama'a. 'Yata ta dawo daga awon ciki, wai an ce ta rage cin giwan ruwa saboda zaiba. Ni kuwa na ce kifin da ya kwana cikin gishiri, ko ya sha mai a kasko har ya yi ƙarau, wane dafi ne zai saura a jikinsa? Shekara talatin ina wannan sana'a ta fasik, wato kifin da ake tsumawa cikin gishiri, a nan Sudan.

Kawu na Mai Wurno: Gaya musu dai Hajiya. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 kakanninmu suka nufo bakin kogin nan na Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, kifinsa ya raine mu. Ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta, kowa ya sani.

Ɗalibi daga Madani: Inna, a gafarce ni. Gishiri da wuta ƙwayoyin cuta suke kashewa. Zaiba kuwa ƙarfe ce, ba ta da ran da za a kashe. In ta kwanta a laka, ƙwayoyin da ke cikin lakar su juya ta, ta shiga jikin ƙananan halittu, ƙaramin kifi ya ci, babba ya haɗiye ƙarami. Tana manne da tsokar kanta, kuma ba ta saurin fita. Shi ya sa tsohon giwan ruwa, wanda ake kira ijil a kasuwa, ya fi bulɗi, wato karfasa, tara ta, don shi bulɗi gansakuka ce yawan abincinsa. Suya ma ruwa kawai take ƙonewa.

Malam: Kawu, maganar ruwa mai gudu hukuncin tsarki ce. Ana iya alwala da ruwan da in an sha zai cutar. Kada a haɗa biyun.

Direban Atbara: Ni ban yi boko ba, amma na yi dakon dutsen zinare zuwa kasuwar Abidiyya. Na ga yaro ya tsoma hannu tsirara cikin kwatarniya yana cuɗa garin dutse da zaiba, ya matse a ƙyalle, ya ɗora ƙullin a wuta, hayaƙin yana dukan fuskarsa. Ragowar ƙasar, karta suke ce mata, ga ta nan tsibi-tsibi a fili. In ruwan sama ya sauko, ina za ta in ba gangare ba? A 2019 gwamnati ta ce ta hana zaiba a haƙar zinare, amma da na koma ban ga abin da ya canza ba.

Kawu na Mai Wurno: To ka kama kanka. Abidiyya tana arewa can gaba da Khartum, Nilu kuma arewa yake tafiya. Yaushe ruwa ya fara hawa tudu ya dawo Sinnar?

Ɗalibi daga Madani: Nan kam gaskiyarka ce Kawu, ta Abidiyya ba za ta zo muku ba. Sai dai ana wankin zinare wajen Gaisan da tsallaken iyakar Habasha, kuma ta can ruwanku yake fitowa. Sannan a bayan madatsar Rusairis da ta Sinnar ruwan ba gudu yake ba, laka ce take kwanciya shekara da shekaru.

Kawu na Mai Wurno: Ka nuna min mutum ɗaya da kifi ya kwantar.

Ɗalibi daga Madani: Ba ta kayar da mutum rana ɗaya. A Minamata ta Japan, kafin a gane cutar a 1956, kuliyoyin masunta ne suka fara tangaɗi suna faɗawa ruwa. Wata uwar kuma lafiyarta ƙalau, ɗan da ta haifa ne ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Can masana'anta ce ta yi ta zuba guba a teku, ban ce namu ya kai haka ba. Ɗan cikin ne abin ji.

Inna mai fasik: To yanzu me zan ba ta? Nama ya fi ƙarfinmu, ɗan nan.

Ɗalibi daga Madani: Kada ta bar kifi Inna, yana gina ɗan. Ta ci bulɗi da ƙananan kifi, a zubar da kayan ciki, don wasu ƙarafan masu guba, dalma da kadmiyom, a hanta suka fi taruwa. Manyan masu cin 'yan uwansu ta ɗaga musu ƙafa har ta yaye. Kifin kas ɗin da kike sa wa gishiri ma mafarauci ne, ki riƙa zaɓar mata kawara.

Inna mai fasik: Au, har tukunyata ka shigo?

Kawu na Mai Wurno: Ni dai ban yarda ba, sai ranar da aka auna kifinmu a gabana. Amma Hajiya, turo yaro bakin ruwa bayan asuba, zan ware mata bulɗi.